Yadda Ake Shirya Tafiya Ƙasar Waje Don Kallon Wasan Rok da Sayen Jita

Kiɗan rok an yi shi ne don a ji shi a ƙirji, a tsakiyar dubban mutane, lokacin da mai ganga ya buga ƙasa ta amsa a tafin ƙafarka. Wanda ya saba jin sa ta waya kaɗai rabin labarin ya samu. Haka ita ma jita: hoto da bidiyo ba za su gaya maka nauyinta a kafaɗa ba, balle yadda wuyanta zai zauna a hannunka. Don waɗannan abubuwa biyu mutum ke tara kuɗi ya ƙetare teku, kuma ana iya cim musu a tafiya ɗaya idan an jera su yadda ya kamata. Jerin kuwa shi ne: ranar wasa ce ke ja gaba, biza da jirgi da masauki su biyo ta, sayen jita ya zo a ƙarshe. Wanda ya birkita wannan jeri shi ne za ka gani yana yawo da akwatin jita daga jirgin ƙasa zuwa otal, masu gadin ƙofar filin wasa kuma sun hana shi shiga da ita.

Fara da wasan, sannan ka zaɓi gari

Wasannin iri uku ne, kuma kowanne da irin shirin da yake so. Akwai manyan bukukuwan bazara na kwana uku ko huɗu, inda ake kwana a tanti. Akwai wasan dare ɗaya a babban fili, kamar filin Wembley na Landan mai cin mutum 90,000, ko zauren O2 mai cin kusan 20,000, ko Budokan na Tokyo da aka buɗe a 1964. Sai kuma ƙananan zaure masu ɗaukar mutum ɗari biyu zuwa dubu, inda kake iya ganin yatsun mai jita a kan tsirkiya.

Bukukuwan Turai sun taru ne a Yuni zuwa Agusta. Rock am Ring, wanda aka fara a 1985, ana yin sa a farkon Yuni a filin tseren motoci na Nürburgring a Jamus. Download, tun 2003, a Donington Park na Ingila, shi ma a Yuni. Hellfest na garin Clisson a Faransa ya fara a 2006. Wacken, a wani ƙauye na arewacin Jamus, tun 1990 yake tara masu son kiɗa mai nauyi a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. A Japan akwai Fuji Rock a ƙarshen Yuli, a tsaunukan Naeba, da Summer Sonic a Agusta.

Shawarata ga mai tafiyar farko ita ce kada ya fara da bikin tanti. Biki yana da daɗi, za ka ga tawagar makaɗa ashirin da kuɗin tikiti ɗaya, amma yawancinsu nesa suke da birni, ruwan sama kuma ba ya neman izini. A 2023 taɓo ya yi yawa a Wacken har masu shiryawa suka dakatar da shigar jama'a, dubban masu riƙe da tikiti suka juya gida. Fuji Rock na farko ma, a 1997, guguwa ce ta sa aka soke rana ta biyu. Idan ƙasar baƙuwa ce gare ka, ga yanayi baƙo, ga kuɗin jita a aljihu, ya fi sauƙi ka zaɓi birni ɗaya mai manyan zaure da ƙanana da kuma kantunan jita, ka zauna mako guda ko kwana goma. Landan da Tokyo sun fi kowane gari cika wannan sharaɗi. Paris ma ba baya ba ce. A Amurka kuwa Nashville ce garin jita, ko da yake kiɗan da ya fi yawa a can na ƙauyukan Amurka ne.

Ka nemi babban wasa ɗaya wanda shi ne dalilin tafiyar, ka sa shi a kwana na uku ko na huɗu da isarka. Kada ka sa shi a daren da ka sauka. Jirgi yana makara, bambancin agogo yana sa barci ya kama mutum a tsaye, kuma tikitin wasa ba ya jira. Sauran darare ka bar su a buɗe don ƙananan zaure. Sau da yawa abin da mutum ya fi tunawa bayan shekaru shi ne wata tawaga da bai taɓa jin sunanta ba, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Tikiti

Ka shiga shafin tawagar makaɗan kanta, ka bi hanyar da ta nuna zuwa wurin sayar da tikiti. Kada ka rubuta sunan wasan a injin bincike ka danna abin da ya fito a sama, don galibi shafukan 'yan kayi-nayi ne da suka biya kuɗin talla, masu ninka farashi. Sanannun masu sayarwa na ainihi sun haɗa da Ticketmaster, AXS da See Tickets, sai Eventim a Jamus. Ka buɗe asusu kwanaki kafin ranar sayarwa, ka tabbatar katin bankinka yana biya a ƙasashen waje kuma iyakar da banki ya sa masa ta kai kuɗin, ka lissafa ƙarfe nawa ne a agogonka za a buɗe. Manyan wasanni suna ƙarewa cikin mintuna.

Idan ka rasa, akwai shafukan da ke sayar da tikitin da wani ya fasa a kan farashin farko, irin su Twickets a Birtaniya. Su za ka dinga leƙawa, musamman a makon ƙarshe. Daga hannun wani baƙo a Facebook kuwa, kada ka saya ko da ya rantse.

Yawancin tikiti yanzu a manhajar waya suke, da lamba mai canzawa kowane ɗan lokaci, don haka hoton fuskar waya ba ya aiki a ƙofa. Ka sauke manhajar tun kana gida, ka ga ko tana buɗewa da lambar wayarka. Wasu tikitin suna ɗauke da suna, ana kuma duba fasfo.

Japan da nata tsari. Ana yawan raba tikiti ta hanyar ƙuri'a, ka nema, a sanar da kai daga baya ko ka dace. Shafukan cikin gida irin su eplus da Pia da Lawson Ticket kan nemi lambar wayar Japan, sai dai manyan wasanni na buɗe shafi na daban don baƙi. Tun 2019 kuma doka ta haramta sayar da irin waɗannan tikiti sama da farashinsu. Idan wasan tsaye ne, lambar da ke jikin tikitinka ita ce layinka: da ita ake kiran mutane su shiga, ba da sammako ba.

Biza, jirgi, masauki

Da zarar tikitin wasa ya shiga hannu, sai biza, idan fasfonka na buƙatarta. Abin da ke ruɗa mutane da yawa shi ne Birtaniya ba ta cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Wanda ke son ganin wasa a Landan ya wuce Jamus sayen jita, biza biyu zai nema. Ta Shengen tana ba da kwana 90 a cikin 180, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ta baƙuncin Birtaniya ana nema daga wata uku kafin tafiya. Ka nema da wuri ƙwarai, don a bazara layin ganawa yana tsawo.

A takardar neman, ka faɗi gaskiyar abin da zai kai ka: yawon buɗe ido da kallon wasa. Ka haɗa shaidar tikitin, wurin kwana, bayanin asusun banki, da abin da ke nuna za ka koma gida, wato aiki ko kasuwanci ko karatu. Tikitin wasa mai rana da suna hujja ce mai kyau, tana nuna tafiyar tana da farko da ƙarshe.

Kada ka biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Kuma kafin ka zaɓi kamfanin jirgi, karanta ƙa'idarsa kan kayan kiɗa, don jitar da ba ka saya ba tukuna ita ce za ta fi ba ka aiki a hanyar dawowa. Jirgin da ya fi arha, mai tsayawa sau biyu, mai cajin kowace jaka, zai iya zama mafi tsada a ƙarshe.

Masauki ka kama wanda ake iya sokewa kyauta, ranar da ka sami tikiti, don otal-otal na kusa da fili suna tashi da zarar an sanar da wasa. Ba sai ya kasance kusa da filin ba. Ya dai kasance a kan layin jirgin ƙasa ɗaya da shi, ba sai ka sauya ba da tsakar dare.

Ranar wasa

Abu na farko da za ka sa a aljihu, kafin waya ma, shi ne abin toshe kunne. Wannan magana ina yin ta da gaske. Ƙarar wasan rok tana kai desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), wani lokaci ta wuce. A ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke amfani da shi, kunne yana jure desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Idan ka bi lissafin, desibel 100 minti 15 ne kawai, wasa kuwa awa biyu ne ko uku. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa, ƙarar nan mai kama da kukan gyare da ake kwana da ita bayan wasa kuma wani lokaci ba ta tafiya har abada. Akwai abin toshe kunne na makaɗa, mai ɗan mataci a ciki, wanda ke rage ƙara ba tare da ya dushe kiɗan ba. Kowane kantin jita yana sayar da shi, kuɗinsa bai kai na rigar tunawa da wasan ba. Mai shirin sayen jita washegari ya fi kowa buƙatarsa, don da kunnen nan zai zaɓa.

Ka duba ƙa'idar jaka: a Wembley da O2 ba a shiga da wadda ta fi girman takardar A4. Wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Cika batirin waya, tunda tikitin yana ciki. Sa takalmi rufaffe wanda ka saba da shi.

Kan tikiti akwai lokacin buɗe ƙofa, wanda ba shi ne lokacin fara wasa ba. Tawagar share fage kan fito da farko, manyan su hau bayan awa ɗaya ko biyu. A Birtaniya galibi ana tashi wajen ƙarfe 11 na dare. A Japan ana farawa da wuri, shida ko bakwai na yamma, kuma ba a makara. Ƙananan zaurensu suna karɓar kuɗin abin sha ɗaya a ƙofa ban da tikiti, kana iya karɓar lemo ko ruwa da shi.

Ina za ka tsaya? Inda sauti ya fi kyau shi ne kusa da teburin mai sarrafa sauti, a tsakiyar fili, don daga nan yake ji yana daidaitawa. Gaban dandamali kuwa akwai turereniya da gangan, matasa na karo da juna cikin da'ira. Da ƙa'idarsu: wanda ya faɗi, a ɗaga shi nan take. Idan ba ka so, matsa gefe, ba mai ganin laifinka. Amma ka bambance wannan da matsi na haɗari. Idan ka ji ba ka iya ɗaga hannu ko jan numfashi sosai, ɗora hannuwanka a ƙirji, kada ka yi kokawa da taron, ka dinga zamewa gefe a hankali har ka fita. Tun shigarka ka lura da ƙofofin fita.

Sai jirgin ƙarshe. A Tokyo da Landan jiragen ƙasa na birni suna tsayawa wajen tsakar dare ko jim kaɗan bayanta, ban da wasu layukan Landan da ke kwana suna aiki daren Juma'a da Asabar. San lokacin naka kafin ka shiga.

Kantunan jita

A Landan, titin Denmark ne, ɗan gajeren titi kusa da tashar Tottenham Court Road, kantuna jere da juna. A Tokyo, ka sauka a tashar Ochanomizu, kantunan suna farawa daga bakin tashar, wasu bene kan bene, kowane hawa da irin jitarsa. Ishibashi da Kurosawa suna cikin manyansu. A Paris, unguwar Pigalle, titin Douai da na Victor Massé. A Nashville akwai Gruhn, wanda ke sayar da tsofaffin jita tun 1970, da Carter Vintage. A Jamus akwai Thomann, katafaren kanti a ƙauyen Treppendorf na jihar Bavariya, sai dai ka tuna kantunan Jamus ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Ka raba sayayyar gida biyu. Zuwa na farko, a farkon tafiya, na gani ne da taɓawa kawai. Ka bar kuɗin a masauki idan ka san zuciyarka. Ka rubuta sunan kanti, irin jitar, lambarta da farashi. Zuwa na biyu, kwana ɗaya ko biyu kafin ka tashi, shi ne na saye. Tsakanin biyun za ka ga wasanni, ka ji yadda kowace irin jita ke fita a lasifika, kuma wadda ta tsaya maka a rai za ta bayyana kanta. Idan kana tsoron wani ya riga ka, tambayi mai kanti ko zai ajiye maka da ɗan kafin alƙalami.

Ka je da safe a ranar aiki, lokacin da kanti ba hayaniya. Kada ka ciro jita daga bango da kanka, ka nemi a sauko maka da ita, musamman a Japan. Cire agogo da zobe, rufe kan bel ɗinka da riga, don ƙarzane ɗaya a bayan jita mai tsada rigima ce.

Yawancin jitar lantarki daga gida biyu suka fito. Gidan Fender, mai Telecaster ta farkon shekarun 1950 da Stratocaster ta 1954: tsawon tsirkiya inci 25.5, sauti siriri mai haske, wuya an ɗaure shi da kusoshi huɗu. Gidan Gibson, mai Les Paul ta 1952: tsirkiya inci 24.75, ta fi laushi a yatsa, sauti mai kauri, wuya an manne shi da gam, nauyi kuma yakan kai kilo huɗu ko fiye. Kada suna ya rufe maka ido. Jitar da aka ƙera a Japan, ko ta Fender da aka fara yi a can tun 1982, ko ta Tokai, Greco, Yamaha da Ibanez, aikinta tsaf yake, kuma 'yan gwanjonta a Ochanomizu galibi an riƙe su da kyau.

Yadda ake duba jita

Fara kaɗa ta ba tare da ka jona wuta ba. Jita mai kyau tana rawa a cikinka ko babu amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara mata sauti, sautin kuma yana daɗewa kafin ya mutu. Wadda ta yi shiru a haka, amfilifaya ƙarfi kawai zai ƙara mata.

Sai wuya. Ɗaga ta ka hango tsawon wuyan daga kai zuwa jiki da ido ɗaya. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, ana gyara shi da sandar ƙarfen da ke cikin wuyan. Abin gudu shi ne murɗewa, wato gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. Wannan gyaransa ya fi ƙarfin kuɗin jitar, ajiye ta. Ka roƙi mai kanti ya juya sandar ƙarfen kaɗan a gabanka, hagu da dama, don ka tabbatar ba ta cije ba. A tsohuwar jita wannan roƙo ya fi kowane muhimmanci, mai kantin kirki kuma ba ya ƙi.

Ka danna kowace tsirkiya a kowace gaɓa, wato tsakanin ƙarafan da ke jere a kan wuya, daga ta farko har ta ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya. Zai ɗauke ka minti biyar, kada ka ji kunya. Kana neman inda sauti ke zizza ko yake mutuwa. Dubi ƙarafan gaɓoɓin: idan tsirkiya ta ci su har sun yi rami, sauya su aiki ne mai tsada, sai a rage maka a farashi. Shafa gefen wuya da hannu ka ji ko bakin ƙarafan yana yanka. A gaɓa ta 12, tazarar tsirkiya da ƙarfe ta kasance wajen milimita biyu. A wannan gaɓa kuma sautin ya zama daidai da na tsirkiya a sake, sai dai ya fi shi sama. Na'urar saita murya za ta nuna maka, idan ya kauce kaɗan ana gyarawa a gadar jitar, inda tsirkiyoyi ke zaune a jikinta.

Juya ta ka dubi bayan kai, inda wuya ya haɗu da wurin maɗaurin tsirkiya. Jitar Gibson ta yi suna wajen karyewa a nan, saboda kan ya karkata baya kuma katakon wurin siriri ne. Gyaran da aka yi da kyau yana riƙewa, amma yana rage daraja sosai, don haka dole a gaya maka. Haska fitilar waya ka nemi layi ko canjin launin fenti.

Yanzu jona wuta. Nemi amfilifaya irin wanda kake da shi, ba mafi tsada a kantin ba, kuma ka fara da sauti tsantsa ba tare da ƙarin gurnani ba, don gurnani yana ɓoye aibi. Juya kowane maɓalli, sauya kowane makunni, girgiza wayar a bakin ramin jonawa. Ƙarar ƙarzana ƙaramin gyara ce, amma hujjar neman ragi ce. Ka nemi maɗaurin kafaɗa ka tashi tsaye da ita minti goma. Jitar da ta yi daɗi a cinya tana iya zama azaba a kafaɗa.

Jabun Gibson da Fender sun cika kasuwa. Ka duba lambar jitar a shafin kamfanin. A Gibson ta ainihi, murfin sandar ƙarfe da ke kai kusoshi biyu gare shi, jabu da yawa uku suke da shi. A tafiya irin wannan, ka saya a kanti mai adireshi da rasit, ka bar masu tallar intanet da ke cewa a haɗu a tasha. Idan tsohuwa ce, tambaya kai tsaye: me aka sauya, an sake fenti? A rubuta amsar a rasit tare da lambar jitar. Ciniki kuwa, a 'yar gwanjo ana ɗan ragewa. A sabuwa, ya fi sauƙi ka nemi a haɗa maka da akwati, tsirkiya, da saiti kyauta.

Haraji, katako da wuta

Farashin da ke rataye ba koyaushe ne abin da za ka biya ba. A Amurka ana ƙara harajin saye a wurin biya, a Nashville ya haura kashi 9 cikin ɗari, kuma ba a mayar wa baƙo. A Birtaniya harajin kashi 20 yana cikin farashi, kuma tun 1 ga Janairun 2021 aka daina mayar wa baƙi a Ingila, Sikotland da Wales, sai dai idan kantin ne ya aika maka da kayan ƙasarka kai tsaye. A Tarayyar Turai ana mayarwa ga wanda ba mazauni ba: karɓi takardar a kanti, kai ta ga kwastan tare da jitar a filin jirgi kafin ka bar Tarayyar, a buga hatimi kafin ka miƙa kaya. A Jamus harajin kashi 19 ne, amma kayan gwanjo sau da yawa ba sa shiga wannan tsari, don haka tambaya kafin ka lissafa. A Japan kashi 10 ne, kuma ana ɗauke wa baƙo shi, sai dai ka riƙe fasfonka na ainihi lokacin saye. Daga Nuwamban 2026 tsarin shi ne a biya duka a kanti, a mayar da harajin bayan kwastan sun tabbatar da fitar kayan. Ka kuma bincika abin da kwastan na ƙasarka ke karɓa a kan kayan kiɗa, ka ware kuɗinsa.

Maganar katako ta shafi masu son tsohuwar jita. Akwai wani jan katako na Brazil da yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa a jerin mafi tsanani tun 1992, kuma jita da yawa na kafin 1970 suna da shi a fuskar wuya ko a jiki. Ƙetare iyaka da irin wannan ba takarda yana iya sa a ƙwace ta. Sauran danginsa an sa musu takunkumi a 2017, aka sassauta wa kayan kiɗa a ƙarshen 2019, don haka sabuwar jita ba matsala. Idan tsohuwa ce, tambayi mai kanti irin katakon da takardunsa, haka ma idan akwai hauren giwa ko ƙoƙon kunkuru a adonta.

Jitar kanta ba ruwanta da ƙarfin wuta, amfilifaya ne abin lura. Japan na amfani da bolt 100, Amurka 120, Turai da Birtaniya 230. Amfilifayan da aka yi don 100 idan ka jona shi a 230 ya ƙone. Ga nauyi kuma. Ni dai ban ga dalilin ɗauko shi daga nesa ba. Ƙananan akwatunan sauya sauti da ake takawa da ƙafa su ne tsarabar da ta dace: yawancinsu bolt 9 suke ci, suna shiga jakar hannu.

Hanyar dawowa

Ka sayi akwati mai tauri wanda jitar ta zauna a cikinsa daram. Rufe shi ka girgiza: idan ka ji motsi, cusa tufafi masu laushi har ya daina, musamman ƙarƙashin kai da kewayensa, don faɗuwar akwati a nan take karya jita. Sassauta tsirkiya kaɗan, ba duka ba. Sa ƙyalle tsakanin tsirkiya da ƙarafan gaɓa, cire hannun girgiza sauti idan tana da shi. Ɗauki hoton jitar ta kowane gefe, da lambarta, da akwatin a rufe. Sa sunanka da lambarka ciki da waje.

Hanya mafi aminci ita ce ta shiga ɗakin fasinja tare da kai. A Amurka, tun 2015 ƙa'ida ta wajabta wa kamfanonin jirgin ƙasar su bar jita ta shiga idan akwai wuri a ma'ajiyar sama lokacin da ka hau, shi ya sa biyan kuɗin shiga da wuri yake da amfani. A sauran wurare kowane kamfani da tsarinsa. Buga ƙa'idar a takarda ka riƙe, ka yi magana da ma'aikata cikin ladabi, ka tambaya ko za a sa ta a kabad ɗin riguna. Idan aka ƙi, nemi a karɓe ta a bakin ƙofar jirgi maimakon teburin awo, don ta tsallake doguwar hanyar bel. Jita mai tsada ƙwarai ana saya mata kujera, ta waya ake shirya wannan da kamfanin tun kafin ranar. Mai irin ta Fender yana da wata dabara: a kwance kusoshi huɗun, wuya ya rabu da jiki, a naɗe kowanne a tufafi cikin babbar jaka. Ka sa mai kanti ya kwance maka, a gida kuma wanda ya iya ya mayar ya saita.

Da ka sauka, buɗe akwatin ka duba tun kana zauren ɗaukar kaya. Idan akwai ɓarna, kai rahoto a teburin kamfanin kafin ka fita, ka karɓi takarda. Yarjejeniyar Montreal, ta ƙasa da ƙasa kan sufurin jiragen sama, ta ba da kwana 7 ne kacal don rubuta ƙorafin lalacewar kaya, diyyar kuma tana da iyaka da ba lallai ta kai kuɗin jitar ba, don haka inshorar tafiya da ta ambaci kayan kiɗa da sunansu ta cancanci kuɗinta.

A gida, bar ta cikin akwati a rufe na wasu awanni kafin ka fara kaɗawa, katako da fenti su saba da zafin ɗakin a hankali. Jita ta fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55. Idan inda kake ya fi haka bushewa ko laima, ajiye ta a akwati da ɗan abin daidaita danshi, nesa da taga da rana. Bayan mako biyu wuyan zai ɗan motsa saboda sauyin yanayi, tsirkiya ta tashi ko ta fara zizza. A lokacin ne za ka kai ta a sake saita sandar ƙarfe da gada, a sa mata sababbin tsirkiyoyi.